Koren Zare a Ƙarƙashin Sit

SHAFI NA 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan. Ke kuma da kika ce Yaya mutumin kirki ne, ni ce na ɗora masa karan tsana, ki gyara zama ki karanta a hankali.

*

"Saki kulocin a hankali! A hankali na ce, Auta, ba kamar kin taɓa tukunya mai zafi ba!"

Mashin ɗin ya yi tsalle ɗaya ya mutu. Auta ta kai ƙafa ƙasa, kan yatsanta kawai ya taɓa, mashin ya karkata zai danne ta. Da ƙyar Yaya ya riƙo shi ta baya.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan suna zuwa filin bayan makaranta da mashin ɗin maƙwabcinsu na aro. Ta iya tayarwa, ta iya sa giya, har kwana tana sha ba tare da ta rufe ido ba. Tsayawa ce kawai ta gagara. Allah ya yi ta gajera irin Baba, duk mashin ɗin da ta hau sai ƙafafunta su riƙa lilo.

"Yaya, hau ka nuna min yadda ake tsayawar nan sau ɗaya mana."

"Ke kike koyo ko ni?"

"Ai malami yakan nuna."

"Bakina bai ishe ki ba?"

Ta ƙura masa ido. Kwana goma sha ɗaya, ko sau ɗaya bai ɗora ƙafarsa a kan mashin ɗin nan ba. Daga gida zuwa fili turo shi yake yi da hannu, gumi sharkaf, ƙato da shi. In ta tambaya sai ya ce man mutane ne, bai kamata a ƙona shi a banza ba. Abin ya daɗe yana yi mata yawo a rai.

"Na samu inda zan saya," ta ce tana cire hular kwano. "Wata mai kawo min ɗinki ta ce akwai na hannu masu sauƙi a garejin Gajere."

Makullin da ke hannun Yaya ya faɗi ƙasa.

"Wane Gajeren?"

"Bakanike. Na bayan tashar motoci."

"Ba za ki je can ba."

"Saboda me?"

"Macuci ne."

"Ka san shi ne?"

"Ban san shi ba."

"To ta yaya ka san macuci ne?"

Ya sunkuya ya ɗauki makullin, ya daɗe yana goge masa ƙasar da babu. "Mutane ke faɗa. Ki bari, akwai wani ja da abokina zai sayar, gobe zan kai ki."

"Jan nan mai hayaƙi kamar an kunna bola? Wanda ya fi kuɗina?"

"Zan yi masa magana ya rage."

"Nawa ya ce zai ba ka in na saya?"

"Auta! Ni kike wa wannan zargin?"

"Tambaya na yi, Yaya."

Ya kama kan mashin ya fara turawa, ita kuma ta bi bayansa tana taunar leɓe.

Ba don gayu Auta ke son mashin ba. Shekara biyu ke nan da aka wayi gari babu mashin ɗin Baba a tsakar gida, ƙofa kuma a buɗe. Umma ce ta saya masa shi da kuɗin gadonta, don ya huta da tafiyar ƙasa zuwa wajen aiki da ciwon gwiwarsa. Auta ce ta shigo ƙarshe kafin a kwanta, saboda haka a kanta maganar ta faɗi. Ta rantse ta sa sakata, ba wanda ya saurare ta. Umma ta mare ta a gaban maƙwabta, kuma har yau ko kofi aka fasa a gidan sai ta ce, "Ku tambayi mai barin ƙofa a buɗe."

Baba bai taɓa zaginta ba. Shi dai ya daina kallonta cikin ido. In ta gaishe shi, ƙasa yake amsa wa. Wannan ya fi marin ciwo, kuma shi ya sa ta yi shekara biyu tana ɗinka kayan makaranta har bayanta ya sage, tana hana kanta ko sabon takalmi. So take ta sayi mashin ta riƙa kai Baba aiki da kanta, tunda gwiwarsa ba ta iya buga kik yanzu, ko Allah zai sa ya ɗago ya dube ta.

*

Washegari Asabar da hantsi ta rufe shago, ta ɗauki jakarta da hular kwano, ba ta gaya wa kowa ba sai mai shagon kusa da nata.

Wanda ya raɗa wa Gajere wannan suna, Allah ya yafe masa. Mutum ne da sai ya sunkuya yake wuce ƙofar garejinsa. Ya fito yana goge baƙin mai da tsumma, ya dube ta daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Ƙanwata, na wa za a saya? Na maigida?"

"Nawa."

"Kin iya?"

"Ina hanya."

"To madalla. Nawa kika riƙo?"

Ta faɗa masa. Ya sosa ƙeya, ya ce kuɗin nan sai dai su yi zumunci. Duk da haka ya jawo mata guda uku.

Auta ba ta zo da ka ba. Ta sa ya tayar da kowanne ta duba hayaƙin salansa, ta taɓa sarƙa, ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashin inji ko yana ɗigar mai. Na farko yana tari kamar tsoho. Na biyu tayoyinsa sun suɗe. Na uku lafiyarsa lau, amma da ta hau sai ƙafafunta suka rataye.

"Matsalata ke nan," ta ce. "Ba na kai ƙasa."

Gajere ya yi dariya, sai kuma ya tsaya. "Tsaya tukuna. Akwai wani a ciki, wata guda ke nan yana cin min wuri. Duk namijin da ya hau sai ya ce sit ɗin ya yi ƙasa, kamar yana zaune a kan turmi."

Ya shiga ya turo wani baƙin mashin, fenti sabo, ledar sit sabuwa tana ƙyalli.

Ta hau.

Ƙafafunta biyu suka zauna a ƙasa daram, har dunduniya.

Ta buga kik sau ɗaya ya tashi. Ta kama kuloci, ta sa giya, ta saki a hankali, ta bi lungun garejin har ƙarshe, ta sha kwana ta dawo. Ta taka birki a gaban Gajere ta sauke ƙafa, mashin ya tsaya cak, ko rawa bai yi ba. Tunda ta fara koyo, yau ce rana ta farko da ta tsaya ba wanda ya riƙe ta.

"Kai! Kamar don ke aka ƙera shi," in ji Gajere.

"Nawa?"

"Kawo abin da kika riƙo. Na gaji da ganinsa."

A nan ne murnarta ta ɗan ja baya. Inji lafiya, fenti sabo, kuma ba ciniki? Ta sauko tana zagaya shi.

"Me ya sa ka yi masa fenti?"

"Ya koɗe ne."

"Da wane launi ne?"

"Shuɗi."

Ta ɗago ta dube shi. Na Baba ma shuɗi ne. Amma shuɗayen mashina sun fi a ƙirga, ta gaya wa kanta, kada ta zama mahaukaciya a garejin mutane.

Ta dafa sit ɗin za ta sake hawa, sai tafin hannunta ya ji wani abu. Wani ɗan tudu ne siriri a ƙarƙashin ledar, ya bi gefen sit ɗin ya zagaye. Wani ba zai ji ba. Amma hannun da ya shekara bakwai yana bin ɗinki ba ya ɓatan kai. Ta bi shi da babban yatsa har kusurwa, a nan tudun ya yi kauri.

"Malam, ledar nan a kan wata aka ja ta?"

"Haka muke yi ai. Wa zai ɓata lokacin cire tsohuwa? A ja sabuwa a kai, a buga ƙusa, shi ke nan."

Ta zuge jaka ta ciro rezar da take farke ɗinki da ita.

"Ke! Me za ki yi?"

"In na ɓata, zan biya."

"Ba ki saya ba tukuna fa!"

Ta riga ta tsaga. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga sabuwar ledar.

Tsohuwar tana nan a ƙasa, ruwan ƙasa, ta tsattsage. Ɗinkin da ya zagaye ta kuwa da koren zare aka yi shi, kuma a kusurwa an koma kansa sau uku.

Auta ta tsuguna a wurin.

Ita ta yi ɗinkin nan. Satin da aka kawo mashin, Baba ya yi ta ɗingishi da kan yatsa don ba ya kai ƙasa. Ita ta cire sit ɗin, ta rage sosonsa yatsa uku da wuƙar girki, ta ɗinka masa sabuwar riga. Baƙin zare ya ƙare mata, sai ta yi da ragowar koren kayan makaranta. Ranar Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce an sa mashin ɗinsa a aji ɗaya. Komawa sau uku a kusurwa kuwa ɗabi'arta ce, ko ɗankwali ta ɗinka sai ta yi.

Ta miƙe.

"Mashin ɗin babana ne. Sato shi aka yi daga gidanmu."

Fuskar Gajere ta canza. "Ƙanwata, ki iya bakinki."

"Ɗinkina ne wannan! Wa ya kawo maka shi?"

"Shekara ashirin ina wannan aikin, kayan sata bai taɓa kwana a garejina ba."

"To ga shi ya kwana wata guda."

"Ni ba na sayen mashin sai da takarda, da mai shi a tsaye a gabana. Shekara biyu da suka wuce na saye shi, na sayar wa wani mai kai burodi, ya more shi ya dawo da shi ya ɗauki babba. Tsaya nan, kada ki motsa."

Ya shige ciki a fusace. Ta ji yana jan akwatin ƙarfe, yana zubar da tarkace, yana mita. Shekara biyu tana roƙon Allah ya nuna mata fuskar wanda ya jawo mata wannan baƙin jini, yau ga sunansa za a kawo mata a rubuce.

"Auta!"

Ta juya. Yaya ne a bakin gareji, yana haki kamar wanda aka koro.

"Na je shago aka ce kin taho nan. Ban hana ki ba? Zo mu tafi."

"Yaya, zo ka ga."

"Ba abin da zan gani. Mu tafi na ce!"

"Mashin ɗin Baba ne! Dubi zaren!"

Ko kallon wajen bai yi ba. Ya damƙi hannunta yana ja. Sai a lokacin ta lura da abin da ya fi komai ba ta tsoro: bai yi mamaki ba.

Gajere ya fito da wata tsohuwar ambulan yana kaɗe mata ƙura. Ya ɗago ya ga Yaya, sai ya washe baki.

"A'a! Ɗan mai mashin! Yanzu nake neman takardarku. Ya jikin matar nan? Ƙafar ta ɗoru kuwa?"

Yaya ya saki hannunta.

"Wace mata?" in ji Auta.

Gajere ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya gane ya taka abin da ba ya gogewa. Ya miƙa mata ambulan ɗin ya ja gefe.

Takardun mashin ne na asali, har da rasiɗin da Umma ta yi ta nema a ƙarƙashin katifa. A bayansu akwai takardar ciniki. Auta ta duba kwanan wata, ranar da aka ce an yi satar ce. Ta gangara da ido ƙasa inda mai sayarwa ya sa hannu, tana jiran ta ga na Yaya.

Ba nasa ba ne.

Ta san wannan sa hannun tun tana kai katin sakamako gida, da doguwar jelarsa da layi biyu a ƙarƙashi. Na Baba ne.

"Yaya," ta ce a hankali, "gaya min."

"Mu je gida tukuna."

"A nan."

"Auta, mutane na kallonmu."

"Ranar da aka mare ni ma mutane na kallo."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya yi magana, da ƙyar take jin sa.

"Kin sa sakata. Ni na zare ta."

Ya ci gaba, kansa a ƙasa.

"Da sassafe na fitar da shi. Koyo nake a ɓoye, don Umma ta ce in na taɓa shi ba ta yafe ba. Na zo kwana, na nemi birki na murɗa totur. Wata mata ce ta fito za ta tsallaka da ɗanta a hannu. Yaron Allah ya kiyaye. Ita ƙafarta ta karye biyu."

"Sai ka kira Baba."

"Sai na kira Baba. Asibiti suka ce sai an yi aiki a ranar. Mijinta ya ce ko a biya ko ya kai ni wajen 'yan sanda. Ba mu da komai sai mashin ɗin."

"Shi ya sa ba ka hawa."

"Tun ranar ban sake ba. In na kama kan mashin, ihunta nake ji."

Da wani lokaci ne, da ta ji tausayinsa. Yau kam babu wurin da tausayi zai zauna a ƙirjinta.

"Wa ya ce a ce ni ce?"

"Wallahi ba wanda ya ce. Mun dawo da yamma muka tarar Umma ta riga ta gama shari'a, sata ce, ke ce kika bar ƙofa. Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dube ni. Kin san Umma. Kayan gadonta, an sayar ba da saninta ba, kuma saboda ni. Da ta tsine min a ranar."

"Sai kuka ga gara ni."

"Mun ɗauka kwana biyu za ta huce."

"Shekara biyu, Yaya. Kana zaune kana cin abinci ana kirana mai barin ƙofa a buɗe. Har dariya kana yi."

"Auta, ki rufa mana asiri. Zan nemo miki wani, wanda ya fi wannan. Ki bar shi a nan."

Ta share fuskarta da gefen mayafi. Ta ciro kuɗinta a ƙulle yadda ta zo da su, ta ajiye a hannun Gajere.

"Na saya."

"Ƙanwata, ko za ki je ki yi shawara?"

"Ka ce ka gaji da ganinsa. Rubuta min takarda."

Kafin ya gama rubutu ta sa reza ta zagaye sabuwar ledar, ta yaye ta gaba ɗaya ta jefar a kan tarkace. Koren zaren ya fito fili. Ta sa takardun a jaka, ta ɗaura hular kwano, ta hau.

"Hau in kai ka gida, malamina."

Yaya ya girgiza kai, idonsa jawur.

Ta buga kik.

*

Ba ta taɓa hawa babban titi ba sai ranar. Motoci na yi mata hon, wani ya leƙo ya zage ta, ko a jikinta. Abu ɗaya take juyawa. Ashe duk sunkuyar da kan nan da Baba yake yi ba fushi ba ne. Kunya ce. Ita kuma tana can tana karya bayanta a kan keken ɗinki don ya yafe mata laifin da ya fi kowa sanin ba ta yi ba.

Baba na zaune a kan benci a ƙofar gida, ya miƙe ƙafar mai ciwo, rediyo a kunne. Tun daga bakin layi ta ga ya sauke rediyon. Fenti yana canza launi, amma ba ya canza kukan injin da mutum ya shekara yana tayarwa ba.

Ta taka birki a gabansa. Ta sauke ƙafafu biyu a ƙasa.

Ya dubi tankin. Ya dubi sit ɗin, ya daɗe a kan koren zaren. Sannan ya ɗago.

Ya kalle ta cikin ido. Abin da ta shekara biyu tana nema ke nan, ga shi ta samu, kuma ba ta ji daɗin komai ba.

"Auta," ya ce. "Kashe shi. Don girman Allah kashe shi kafin uwarki ta ji."

"Na sa sakata ranar, Baba."

"Na sani, 'yata. Na sani. Kashe shi mu yi magana."

Ta kai hannu kan makulli.

Ƙofar gida ta buɗe.

Umma ce, hannunta duk kumfar wanki. Ta tsaya turus. Idonta ya sauka a kan sit ɗin, ta matso, ta sa jiƙaƙƙen yatsa ta shafa ɗinkin tun daga gaba har kusurwa.

"Wannan ai namu ne," ta ce. "Auta, a ina kika samo shi? An kama ɓarawon?"

Auta ta dubi Baba. Baba ya dafa bango zai miƙe, gwiwar ta ƙi.

"Magana nake miki! Waye ɓarawon?"

Gefen ambulan ɗin ya leƙo daga bakin jakar Auta. Umma ta gan shi. Ta goge hannunta a zani, ta miƙo.

"Takardun ne? Ba ni in ga sunansa."